Ranar da Na Rantse a Kan Shanun Matata

Kafin zinare ya shiga kaina, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Anka. Gero nake nomawa, ba mai bina ko sisi. Matata Hajara, karsana ɗaya na ba ta sadaki. Ta kai wa wani makiyayi, Baffa Jaɓɓi, kiwo a dajin Bukkuyum, har suka zama shida.

Da aka fara haƙar zinare, sai na koma dakan dutse a tsakar gida. Ƙurar nan ce ta sa wa 'yarmu Nana gubar dalma, har yau hannunta na dama ba ƙarfi. Hajara ta ce shanun nan ta ajiye su ne don maganin Nana.

Ni kuwa idona ya riga ya buɗe. Na fara barbaɗa garin tagulla cikin zinare kafin a auna, ɗan kaɗan kamar gishiri a miya. Ba wanda ya gane. Daga nan na karɓi kuɗi masu kauri hannun wani dillali a Gummi, Alhaji Sani, a kan zan kawo masa kaya. Ya ce sai da jingina. Ko kunya ban ji ba, na goya shi a babur har ruga, na nuna masa shanun Hajara na ce nawa ne. A wautata, duk abin da ke hannun mace na mijinta ne.

Da na kai masa zinaren, ya ƙona shi ya ga tagulla, sai kotu. Ya nemi a kama shanun. Alƙali ya tambaye ni na wane ne. Hajara na zaune a baya, Nana a cinyarta. Na ce wallahi nawa ne. Wayyo ni!

Aka kira Baffa Jaɓɓi. Ko kallona bai yi ba, ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ni ban san shi da ko akuya ba. Karsanar Hajara ce, ran da anka ɗaura aure anka kawo min ita.”

Alƙali ya ce sadaki na mace ne, abin da ya haifa ma nata ne, ba a taɓa dukiyarta don bashin miji sai in ita ta tsaya masa. Aka sayar da gonata, ba ta cike ba. Na yi shekara biyu a gidan yari.

Da na fito, na tarar shanu saura huɗu. Ta sayar da biyu ta cike wa Alhaji Sani kuɗinsa. Na ce, “Don mi, Hajara? Ai an ce ba a taɓa su.”

Ta ce, “An ce nawa ne, na yi abin da na ga dama da su. Da ka tambaye ni, Malam, da na ba ka. Ba sai ka rantse gaban ɗiyarka ba.”

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina kuka kamar yaro. Na tuba, yanzu ƙwadago nake a gonakin mutane.

Samari, kada ku fara barbaɗa ƙarya ko da ƙanƙanuwa ce, kuma ku cire ido daga abin matanku. Hajara ta yafe min. Amma har yau in na ce wallahi a gida, sai Nana ta waiwaya ta dubi Innarta.