Ba-Sannu

Auta ta fara jin sunan ne a bakin Gwaggo, ranar da ta sauka gidan Kawu bayan ta gama sakandare.

"Ungo, kai wa Ba-Sannu abincinta sama. Ita tata gaisuwar a jirgi ta manta da ita. Ko ubanta sai ya fara ce mata sannu."

Matan da ke kicin suka kwashe da dariya.

Ba-Sannu 'yar Kawu ce ta fari, wadda ta tafi ƙasar waje karatun shari'a. A da, in ji Gwaggo, har kyanwar maƙwabta takan yi wa ina kwana. Da ta dawo sai ta riƙa wuce manya ido a ƙasa, baki a rufe. In an gaishe ta takan amsa, amma ba ta farawa. Dangi suka ce boko ne ya hau mata kai.

Auta mai son jin tushen kowane zance ce a danginsu, amma sai da ta yi wata biyu tana hawa da kwano kafin ta ji wannan. Wata hantsi suna ninke wanki, Ba-Sannu, wadda Auta ke kira Yaya, ta fara magana ba tare da an tambaye ta ba.

A shekararta ta ƙarshe makaranta ta tura ta sanin makamar aiki a wata ƙungiyar kare haƙƙin mata. Ofishin yana saman wani kantin magani, ƙofarsa ba allo, sai ƙararrawa. Aikinta buɗe ƙofa, haɗa shayi da cika fom. Ranar farko shugabar, wata dattijuwa mai tabarau a wuya, ta kafa mata doka: "Matar da kika sani a nan, ba ki san ta a waje ba. In ba ita ta fara yi miki magana ba, ki wuce."

Akwai wata tela da ke zuwa duk Laraba da jaririyarta mai tari. Mijinta na dukanta. Takan ce masa asibiti za ta kai yarinyar. Saura mako guda ƙungiyar ta samar mata ɗaki inda ba zai gano ta ba.

Ranar Asabar Yaya ta shiga babban kanti, sai ga telar gaban firjin madara. Bakinta ya riga hankalinta.

"Sannu! Ya jikin 'yar tawa? Tarin ya lafa?"

Mutumin da ke tura keken kaya a gefen telar ya juyo yana murmushi, ashe mijinta ne. "A ina kuka san juna?"

"Asibiti," in ji telar.

"Makaranta," in ji Yaya, a lokaci guda.

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Murmushin bai bar fuskarsa ba.

Laraba ta zo, Yaya ta haɗa shayi kofi biyu, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Aka kira waya, a kashe. Aka tura mutum gidan, maƙwabta suka ce sun tashi. Shugabar ba ta yi faɗa ba. Ta ce kowa yana kuskure, ta sa mata hannu a takardar kammalawa, har da yabo. Bayan wata uku aka rufe fayil ɗin. Yaya da kanta ta saka shi a durowar ƙasa.

"To me ya same ta, Yaya?"

"Ban sani ba." Ta daidaita hannun rigar Kawu, ta ninke. Muryarta kamar mai karanta adireshi. "Ƙila tana lafiya. Miƙo zanen can."

"Ai da kin gaya wa Gwaggo, da ta daina wannan suna."

"In ce mata me? Na gaishe da mutum?"

Auta ta miƙa zanen.

Bayan kwana kaɗan aka kwantar da Kaka a asibiti, dangi suka cika barandar ɗakin. Kawu ya ce dole kowa ya je dubiya. A bakin ƙofar shiga Yaya ta tsaya cak, tana kallon layin gwaggonni da kawunnan da ke kan benci. Ta kama gefen mayafin Auta.

"Ƙanwata, ki taimake ni. Shiga gabana, ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɗago ya yi mini magana, zan amsa."