Nehemiya, Mai Gyaran Wayar da Ya Ƙi Karɓar Amana

Ƙarfe bakwai na safe Nehemiya Manga yake buɗe shagonsa na gyaran waya a unguwar Nukkai da ke Jalingo. Ya yi shara, ya jona kayan aiki, ya fito da benci biyu ƙarƙashin rumfa. Shekara bakwai ke nan, duk wanda ya buɗe walat ɗin kirifto a unguwar, wato asusun kuɗin intanet da ake ajiyewa a waya, kan bencin nan yake zama a koya masa yadda zai tsare shi, kyauta.

Karatun ba yawa, sai naci. Kalmomi goma sha biyun da walat ke ba ka ranar buɗewa su ne makullinsa, wanda ya same su ya kwashe komai. Ka rubuta da biro a takarda, ka ɓoye. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kowa. Ya maimaita har aka laƙaba masa Malam Biro, kuma yana amsawa.

Matsalarsa ɗaya ce: mu mutanen Jalingo ba mu iya riƙe makulli mu kaɗai ba. Na gida yana wurin maƙwabciya, na shago yana wurin mai shayi. Haka Hajja Maiturare ta zo masa da takardarta ƙulle a bakin zane. 'Yarta ce ke aiko mata da kirifto daga waje, tana tarawa don rufin ɗakin da take ginawa a Kona.

"Useko, don Allah, ɗana, riƙe mini takarda nan. Ni tsoho ne, zan ɓatar da shi."

Tana fara kwancewa ya juya ya fuskanci bango.

"Hajja, ƙulle abinki. Ko ni kar in gani."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don a wurinta wanda ya ƙi ajiyarka, kai ya ƙi. Wata guda tana wucewa ta gaban shagon ba gaisuwa. Abin ya ci masa rai, matarsa Abigail ta ce har tuwo ya rage ci, amma bai canza magana ba.

Ana nan sai wani ya kira Hajja a waya tana tsakiyar ciniki a kasuwa. Wai Nehemiya ne ya sa shi, walat ɗinta zai rufe yau, ta karanto kalmomin a gyara mata. Matan layin turare duk sun ji amsarta.

"Nehemiya? Wanda na kai masa da hannuna ya nuna mini ƙeya? Kai ɓarawo ne, sauka a layina!"

Kafin damina kwano ya hau ɗakin Hajja. Da kanta ta kawo masa turaren wuta, tana miƙawa tana mita wai har yanzu ba shi da kunya.

Nehemiya, kai ne ka yarda dattijuwa ta yi fushi da kai maimakon ta kwana a ɗakin da ba rufi. Mai toshe ido a gaban sirrin mutane! Yanzu da ka ce idanun sun gaji da ƙananan wayoyi za ka koma gona, mun gode, Allah ya saka maka, ya ba da damina mai albarka.

Ku da kuka zauna a gabansa, ku koya wa na kusa da ku. In kuma mahaifiyarku ce ta miƙo muku takardarta, ku juya baya. Za ta yi fushi, za ta huce a cikin ɗakinta.