Ni Nake Kunna Masa

Ban taɓa tsayawa gaban teburin mai taba ba, ban kuma taɓa aiken wani ya sayo mini ba, amma na yi shekara ashirin da ɗoriya ina shan taba. A duk unguwarmu ta Madabo, in ka cire maigidana, babu wanda ya sani.

Malam, haka nake kiransa, maɗinkin hannu ne. Aikinsa zare da allura a ƙirjin babbar riga, aska biyu ko aska takwas, duk wadda mai riga ya zaɓa. Da safe yana zaure tare da abokan sana'a. In an yi la'asar sai ya naɗo aikin ya shigo ciki, ya zauna kan tabarma a gindin katangar ɗakina, inda haske yake daɗewa bai janye ba. Lokacin yara sun tafi Islamiyya, gidan daga ni sai shi. Abin da ya dame shi ɗaya ne: farar shadda ba ta yafiya. Tartsatsi ɗaya in ya huda ta, ko yatsa ya bar mata rawayar taba, an gama da rigar mutum. Shi kuma ba ya iya awa guda bai sha ba. Muna wata uku da aure ya samo dabara. Ni zan kunna, in riƙe, in kai masa baki ya zuƙa, in janye hannuna can gefe in karkaɗe tokar a murfin gwangwani. Hannunsa biyu suna kan aiki.

Wanda bai sani ba yana zaton da an kai wa taba ashana shi ke nan ta kama. Ba ta kamawa sai an ja. Ranar farko na ƙware har da hawaye, shi kuwa yana ta dariya.

"Babarbariya, ashe hayaƙin naku iyakarsa kasko. Wannan na maza ne."

"Allah ya tsare ni da na mazan," na ce.

Addu'ar na yi, amma ban tsare kaina ba. Ja ɗaya don ta kama ya koma biyu. Daga baya in ya dukufa kan wata lanƙwasa mai wuya ya manta da ni, sai in ga karan ya kai rabi, kuma ba shi ya sha ba. Yana gani. Bai taɓa ce mini komai ba, sai dai ya fara barin kara biyu a ƙarƙashin faifai in zai fita da safe.

Kakannina daga Barno suka zo, haɗa turaren wuta gado ne a gidanmu. Turaren nan shi ya rufa mini asiri. Kaskona ba ya mutuwa, kanumfari ba ya yankewa a ƙullin gefen zanena, asuwaki kuwa sau nawa a rana. Mata in sun shigo sai su ce, "Ke kam gidanki kullum ƙamshi." In wata ta ji wani wari daban, ai an san Malam yana sha. A makarantar matan aure ina sahun gaba. Ranar da malama ta yi bayanin cewa jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa, yatsuna na yi ta kallo har aka tashi. Ba jahilci ba ne. Na ga hoton huhun mashayi tun ina sakandare, na ma zana shi a jarrabawa.

Gaskiya kuma, in zan faɗe ta duka, wannan zama na bayan la'asar shi ne mafi daɗin abin da ke cikin aurena. Malam ba mai magana ba ne. A nan kaɗai bakinsa yake buɗewa, tsakanin zuƙa da zuƙa, idonsa na kan allura. A nan ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya koya masa ɗinki da dukan bayan hannu. A nan kuma, wata shida bayan mun binne ɗanmu na biyu, ya fara ambatonsa, yana kuka, ina share masa fuska da gefen mayafi don kar hawaye ya ɗiga a rigar mutane.

Babbar 'yarmu ta yi haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego kamar yadda aka saba. Ni ce mai dafa ruwa, ni ce mai dama kunun kanwa, ni ce mai yi wa jaririya wanka. A kwana na biyar na laɓe bayan madafi na sha rabin kara cikin sauri, na tauna kanumfari, na shiga na yi wa yarinya wanka. Na goge ta, na karanta Falaƙi da Nasi, na tofa mata a fuska kamar yadda aka yi mini, kamar yadda na yi wa uwarta. Sai ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta kawar da kai.

Uwarta na kwance a gado tana kallo. Ta ce, "Umma, warin tabar Baba har a bakinki."

Da dariya ta fara, sai dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta shiga gyara zanen goyo wanda ba abin da ya same shi. Ba ta ƙara ta da maganar ba har yau. Ni kuwa na zauna da jaririya a cinya, ina tunanin na haɗa kalmar Allah da wannan hayaƙi a numfashi ɗaya na hura wa 'yar kwana biyar. Rabin karan da ya rage a bayan madafi, a kwata na jefa shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kaina kamar ana sara, hannuna na neman abin riƙewa, na yi wa maƙwabciyata tsawa a kan tsintsiya har sai da na je na ba ta haƙuri. Mutane suka ɗauka gajiyar hidimar jego ce. Na riƙe carbi, na ci goro har haƙorana suka yi ja. Abin da ya taimake ni shi ne, saboda jaririya, Malam ya koma sha a zaure.

Aka yi arba'in, mai jego ta koma ɗakinta. Washegari da la'asar ya shigo, ya shimfiɗa tabarma, ya miƙo mini kwali da ashana ba tare da ya ɗago kai ba.

"Na daina, Malam."

"To, madalla. Kunna mini kawai, kar ki sha."

"In na kunna, na sha."

Ya ajiye allura ya dube ni. "Wato yanzu ni kaɗai ne ɗan wuta a gidan nan."

"Ni ban ce ba."

"Ba ki ce ba, amma kin tattara kin koma sahun malamai kin bar ni." Yana murmushi ya faɗa. Ya naɗe rigar ya ajiye gefe, ya kunna da kansa.

Na gwada zama kusa da shi yana sha. Kwana uku na iya. Ƙamshin, don a hancina ƙamshi ne, yana shiga sai yawu ya cika mini baki. Sai in tashi in kama wanke kwanon da na riga na wanke. Ya lura. A lokacin hannunsa ya fara rawa, manyan ayyuka sun fara wuce shi, ashana ma sai ya yi ta fama. Sai ya fara fita bakin lungu, wajen mai tebur, inda akwai mai kunna masa. Ba mu yi faɗa ba, ko sau ɗaya. La'asar ce kawai ta zama ba kowa a gindin katanga. In ya dawo sai mu gaisa kamar yadda ake gaisawa, ya ci tuwo, ya ce Allah ya yi albarka.

Na roƙe shi ya bari. Ya gwada da azumi har sau biyu, ya kasa. Da an sha ruwa, dabino ɗaya, sai ya nufi ƙofa. Ni ma ba wai na warke ba ne. Akwai ranar da na ɗauki rigarsa zan wanke, na tusa fuskata a ciki na tsaya ina shaƙa, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Shekara uku muna haka, tari ya kama shi ya ƙi saki. Aka je asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce huhun ya gaji, kar ya ƙara kusantar taba. Tafiyar bakin lungu da ba ta kai tsawon gida biyar ba, sai ya huta sau biyu a hanya. Daga baya ya daina fita. Yaranmu suka je suka roƙi mai tebur kar ya ƙara aiko masa.

Wata rana bayan la'asar ina bakin madafi, na ga ya ja jiki ya zauna a gindin katanga. Ya cire hula, ya zaro wani lanƙwasasshen kara daga naɗinta. Ya ƙyasta ashana ta karye. Ya sake, ta karye. A ta uku kwalin ashanar ya suɓuce ya watse a ƙasa. Ya zauna yana kallon tsinkayen.

"Babarbariya, zo mana."

Na zo na tsuguna. "Malam, likita ya hana."

"Likita ya gaya mini abin da bai gaya muku ba. Wannan ɗaya ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba."

Na tashi na ɗauko garwashi a cokali daga kasko, na sa masa karan a baki, na kai wutar bakinsa. Na ce a raina, shi zai ja, ba ni ba. Ya ja. Bakin tabar ya yi baƙi, bai kama ba. Ya sake ja, kafaɗunsa suka ɗaga, tari ya turnuƙe shi har sai da na riƙe shi. Numfashin da zai kunna ta ma babu. Da tarin ya lafa, ya cire karan ya miƙo mini.

Na karɓa. Na ji santsin takardar tsakanin yatsuna, jikina duk ya san abin da zai yi. Ja ɗaya ne. Zan so in ce tausayin huhunsa ne ya hana ni, amma ba shi ne a gaba ba. Kaina na ji wa tsoro. Na san inda ciwon nan ya dosa, na san wata huɗu da kwana goma na jirana a ɗakin nan ni kaɗai, kuma in na ja yau, ba wanda zai tsaya tsakanina da ita.

"Ka yafe mini, Malam. Ba zan iya ba."

Ya dube ni. Sai ya ce, "Ba komai. Ajiye. Zauna dai."

Na zauna. Garwashin ya mutu a cokali. Muna nan zaune har aka kira magariba, sannan na kawo masa ruwa na taimaka masa ya yi alwala. Bai ƙara roƙona ba. Bai cika sati uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Na yi takaba na fita ban sha ba, kuma har yanzu ban sha ba. Na sha yin niyyar tambayar malamarmu ko abin da na yi ran nan daidai ne, sai in tuna dole in faro mata labarin daga farko, sai in fasa. Bayan kowace salla ina nema masa gafara da rahama. In na zo kan kaina sai in ce, ya Allah ka yafe mini shekarun da na yi ina kunna masa. Wani lokaci nakan ƙara da ranar da na ƙi, don ban san wanne ne laifin ba.