Tikitin Kyauta Guda Huɗu

Shekarun baya, a tsakiyar shekarun casa'in, muna zaune a unguwar Edmonton da ke London, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu. A London aka haife su, mahaifiyata da ke Kano ba ta taɓa ganinsu ba sai a hoto.

Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Regent's Park, wani abokina ya nuna mini wani katin banki. Ya ce, "Duk abin da ka saya da shi, kamfanin jirgi zai ba ka maki. In sun taru sai ka kama kujerun jirgi da su, ku tafi hutu gida kyauta." Ni kuwa da ma an san ni da son banza. Mako biyu na kwashe ina gwada wannan kati da wancan kamar mai zaɓen ragon layya, sannan na ɗauki ɗaya.

Daga nan na zama abin tsokana. Duk wanda zai sayi firiji ko talabijin, sai in karɓi kuɗinsa in biya da katina. Matata ta ce ko ashana ba na saye sai na tambaya ko da maki.

A lokacin mahaifiyata a kaset take aiko mana da saƙo, ta ba wa mai tahowa. A wani kaset, bayan gaishe-gaishe, ta ce, "Ka kawo mini yaran nan in gan su. Dishi-dishi nake gani yanzu." Maki na tikiti uku ke gare ni. Ina da halin sayen na huɗun, wallahi ina da shi. Amma na riga na cika baki cewa mu huɗu za mu je ba tare da biyan ko sisi ba. Na mayar mata da kaset na ce, "Inna, baɗi in sha Allahu, saura kaɗan."

Baɗin ta zo, makin suka cika, aka ce kujerun kyauta na lokacin hutun makaranta sun ƙare. Muka ƙara shekara.

Ranar da muka isa, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Na yi sallama, ta juyo da fuskarta wajen muryata, idanunta suka wuce ta gefena. Ta jawo yaran, tana shafa fuskokinsu da tafin hannu, tana tambaya wacce ce ta ɗauko hancinta. Sai ta ce, "An ce kyauta kuka zo?"

Na ce e.

Ta ce, "To madalla. Ka yi dabara."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Katin na daɗe da karya shi. Kaset ɗin yana nan a durowata, ban sake iya saurarensa ba.