Ranar da Fanka Ta Watsa Littafin Inna Dije

Har yau ban manta da ranar da Inna Dije ta kawo littafinta shagonmu ba. Duk wadda aka ɗauka aiki, wannan labarin nake fara ba ta kafin in nuna mata yadda ake kunna inji.

Shagon namu yana Bodinga, kusa da tasha. Muna sayar da littattafan makaranta da na addini, muna ba da hayar littattafan hikaya, mata suna aikowa a karɓar musu. Da karatu ya koma cikin waya, sai mai shagon, Malam Garba, ya sayo injin kwafi. Marubutan gari suka fara kawo labaransu a buga musu, mutanen Sifawa da ƙauyukan Shagari kuma suna kawo rubuce-rubucen hannu na gado a yi musu kwafi.

Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba, kuma ba su da lambar shafi. Takardu ne ɗai-ɗai a jere, an ɗaure su a cikin fata. Saboda haka Malam ya kafa doka: ba a kwance su sai akwai wuta, an rufe ƙofa, an kashe fanka. A ɗauki takarda ɗaya, a yi kwafinta, a kife ta gefe, sannan a taɓa ta gaba.

Ina wata na huɗu da fara aiki a lokacin. Ranar kasuwa ce, Malam ya tafi Sakkwato saro littattafai. Da hantsi wata tsohuwa ta shigo tana laluben bakin ƙofa da sanda. Ta ce sunanta Dije, daga Dandin Mahe take, tana karantar da mata a gidanta. Ta ciro littafi a cikin gafakar fata daga ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora a teburi, amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

"Ɗiyata, wanga waƙoƙin kakata na, da hannunta ta rubuta su. Shi ɗai na duniya. Idona ya tahi, ina son kwahi ukku in ba jikokina tun ina iya gyara musu karatu."

"Inna, babu wuta yanzu, amma suna kawowa da azahar."

"To ni zan shiga kasuwa. Bayan la'asar ina tahowa, kar motar Shagari ta bar ni." Sai a sannan ta janye hannun.

Ni mai son waƙa ce tun ina ƙarama. Na zauna ni da gafakar, shago shiru, zafi ya rufe ko'ina. Na ce bari in leƙa shafin farko kawai. Takardar ta yi launin ƙasa, tawadar baƙa, wasulan ja kamar an yayyafa ƙwayar barkono. Tana ƙamshin hayaƙi da tsohon turare. Na ɗaga ta biyu, na ɗaga ta uku. Ban san lokacin da na shimfiɗa su layi-layi a kan teburi ba, ina tunanin matar da ta zauna ta rubuta su, ko a gindin wace bishiya, ko da goyo a bayanta.

Sai aka kawo wuta.

Tun da aka ɗauke ta da safe babu wanda ya kashe makunnin fanka, kuma a lamba ta ƙarshe take. Kafin in miƙe, takardu sittin da huɗu sun tashi sama. Wasu suka faɗa bayan kantar littattafai, wasu ƙarƙashin inji, biyu suka nufi ƙofa. Na yi tsalle na danne su da gwiwa a bakin dakali.

A haka Anti Rabi ta same ni. Telar mata ce a layinmu, ba ta kwana biyu ba ta canza littafin haya ba.

"Ke Hafsatu, sallah kike a bakin titi?"

Da ta leƙa ciki sai dariyar ta tsaya. Ta kashe fanka, ta ja ƙofa, muka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga sau uku, sun cika, babu wadda ta yage. Amma wace ce ke bin wace? Na iya karatun Larabcin bugu tun Islamiyya, wannan kuwa ajami ne da tsohon hannu, sai na yi minti biyar a kan layi ɗaya.

Na kira Malam. Na faɗa masa abin da ya faru.

"Wa ya ce ki kwance shi babu wuta?"

"Babu kowa, Malam."

"Shekara nawa na yi kafin mutanen nan su yarda su bar mini takardunsu su juya baya? In wannan magana ta shiga Dandin Mahe, ta shiga Sifawa, an gama. Ina cikin kasuwa, ba zan iso ba sai magariba. Kar ki ƙara taɓa komai."

Anti Rabi ta matso, ta rage murya.

"Ba kin ce ba ta gani ba? Haɗa su ki daidaita bakinsu, ki yi mata kwafinta, ki ɗaure. Kafin jikokin su gane, wa zai ce a nan aka yi? Ke da kika samu aikin nan da ƙyar."

Ba zan ɓoye muku ba, na haɗa su. Na daidaita bakinsu har sun yi kyau, na ɗauko igiyar. Sai na hango a raina jikar Inna zaune gaban mata tana rera baiti, ta juya takarda ta faɗa cikin wata waƙar daban, tsohuwa tana daga gefe tana cewa ba haka ba ne, yarinyar tana cewa haka aka rubuta. Za a ce tsufa ne ya ruɗa Inna. Na ajiye igiyar.

Aka kira la'asar. Na yi sallah ban san me na karanta ba. Ina shafa addu'a na ji sandarta a dakali.

"An gama, ɗiyata?"

Na durƙusa na faɗa mata komai, har da cewa ba aiki ne ya sa na kwance shi ba, sha'awa ce. Ta miƙa hannu, na ɗora mata takardun, ta bi gefensu da babban yatsa.

"Gobara ta ci ɗakinmu, wanga littahi ya hita. Gara ta ci akwati, ya hita. Sai ga hannun mai ilimin boko, cikin wuni guda."

Daga tasha ana ta kiran Shagari, saura mutum biyu. Ta juya kai wajen kiran, ta juyo.

"Ba ni kujera. Ɗauki ta hwarko, duba can ƙasa, hannun hagu. Mi kinka gani?"

Kalma ɗaya ce ƙarama, ita kaɗai a ƙarƙashin layin ƙarshe. Na ɗauka ɗigon tawada ne ko gyara.

"Ita ta kalmar da takarda ta gaba ka hwarawa da ita. Haka mutanen da ka yi. Kin zaci su ba su san iska ba?"

Muka fara. In karanta kalmar ƙasa, Anti Rabi ta riƙa miƙo mini takardu ina duba kawunansu. Mota ta tashi, Inna ba ta ko motsa ba. Hamsin da biyar suka hau layi. Tara suka rage, waɗanda gara ta cinye musu gindi tare da kalmar. A nan Inna ta rufe ido ta fara rerawa da ka, da wata siririyar murya mai rawa, ni kuma ina neman baitin da yatsa. Bakwai suka sami wurinsu.

A kan biyun ƙarshe ta tsaya. Ta koma baya ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Sau huɗu. Dukansu addu'a ce, kowace tana iya riga 'yar'uwarta.

"Ta ɓace mini," in ji ta a hankali. "Da can ba ni buƙatar tunawa, suna nan inda ta aje su."

Malam ya shigo a daidai lokacin, ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ya ce shi da kansa zai yi kwafin, ni kuma zai san abin da zai yi da ni.

"A'a," in ji Inna. "Ita ta ɓata, ita ka yi. In ka kore ta, gobe wata sabuwa za ta zo ta koya a kan littahin wani."

Na yi kwafi uku tana zaune tana sauraren ƙarar inji. Da na gama ta ce in ɗauko biro. Ta ce masu kwafin littafi a da, in sun kai ƙarshe, sukan rubuta sunansu su nemi gafarar kuskurensu. Ta yi mini shifta na rubuta a bayan kowane kwafi: cewa takardu biyu na kusa da ƙarshe ba a tabbatar da wadda ke gaba ba, cewa a hannun Hafsatu ta shagon Bodinga hakan ta faru, wanda ya karanta ya yafe mata. A gidanmu ta kwana, da safe na raka ta tasha. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a abin da ake ba mu ajiya ya fi abin da muke sayarwa yawa, kuma mai kawo shi yakan juya baya ya tafi kasuwa don ya yarda da mu. Son littafi bai isa ya sa ka iya riƙe shi ba. Ni son ne ma ya sa na yi ɓarnar. Yanzu haka akwai gidaje uku a Shagari da mata ke karanta waƙoƙin nan, in sun kai ƙarshe su karanta sunana. Ina fata suna yafewa.