Ranar da Tifar 'Yata Ta Hau Layin Baba

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da Baba ya mai da tifar wasan 'yata motar sharar layin dogo. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Taraba ba. Ina zaune a gidan iyayena da ke unguwar Yelwa a Jalingo da keken ɗinkina da 'yata 'yar shekara biyar, mijina yana aiki a Yola.

Baba a reluwe ya ƙare ƙuruciyarsa, can wajajen Kafanchan, shi ne hedman, wato shugaban masu gyaran layi. Da ya yi ritaya ya dawo Jalingo, garin da bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, sai ya ce shi kam ba zai zauna haka ba. Ya shimfiɗa nasa layin a lambun bayan gida, tsakanin kunyoyin kuɓewar Mama da gindin gwaiba. Wayoyi biyu ne masu kauri a kan 'yan katakai, ƙarƙashinsu tsakuwar da ya riƙa ɗebowa daga kogin Mayo Gwoi. Jirgin kuwa gwangwanayen madara ne da injin tsohuwar rediyo mai kaset. Duk Lahadi in an tashi coci, yaran unguwa sai sun cika mana gida. Kuma akwai doka: komai zumuɗinsu, babu abin da zai motsa a kan layin sai Baba ya ɗaga ɗan jan ƙyallensa sama. 'Yata ta haddace wannan doka tun kafin ta iya ɗaura zani.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya dawo daga asibiti hannun hagu a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Likita ya ba mu ƙwallon roba, ya ce lallai ya riƙa matsawa, in ba haka ba hannun ya tafi ke nan. Ina! Baba ya ce shi ba jariri ba ne. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, fasto ma ya zo ya yi nasa. Ƙwallon ya ƙare a ƙarƙashin gado. Damina ta sauka, ciyawa da ganyen gwaiba da laka suka binne layin, shi kuma ya daina ko kallon wajen. Gaskiya na tsorata, don na ga mutum yana mutuwa a zaune.

Wata safiya Mama ta fito da fartanya a kafaɗa, ta tsaya a gabansa.

"Baban yara, wannan shirgin naka zan tone shi in shuka gyaɗa. Ya zama gidan macizai, ga jika tana yawo ba takalmi."

Na ce, "Haba Mama!" Ko kallona ba ta yi ba. Baba ya dube ta, sannan ya ce da muryarsa da ta yi nauyi, "Ki bari sai bayan Lahadi."

Da yamma ya kira ni, ya ce in kawo masa tifa da tankar roba da kawun 'yata ya saya mata a Kasuwar Jalingo lokacin Kirsimeti. Yarinya ta fasa ihu kamar ana yanka ta, sai da ya yi mata alkawarin za ta zama mai duba aiki. Ni kuwa da shegen son sani, na ajiye ɗinkin mutane na jawo kujera. Me tifa za ta yi wa ciyawa? Na tambaye shi, ya ce, "Ke dai riƙe nan."

Haka na zama hannunsa na hagu. Ya ɓalle tayoyin tifar, ya ce in ba shi bobin, wato 'yan ƙarafan nan da muke naɗa zare a cikin keke. Na ce, "Baba, da su fa nake cin abinci." Ya ce, "Da layi na ciyar da ke." Na miƙa masa. Da ya ɗora bobin a kan waya sai na ga abin da ya gani: gefensa biyu sun rungume wayar tsaf, ba zai zame ba. Na kama baki. Shekara da shekaru ina taɓa abin nan ban taɓa ganin taya a jikinsa ba.

Daga nan ya ƙona kan ƙusa, ya huda gaban tifar, muka ɗaure tsofaffin buroshin haƙori a karkace don su ture shara gefe. Ya cika bayanta da tsakuwa don ta yi nauyi, ta kuma cike inda ruwa ya zaizaye. Tankar kuwa ya zuba mata ruwan gishiri, ya soka mata siririyar robar ƙarin ruwa da muka dawo da ita daga asibiti, don ta riƙa ɗiga a tsakiyar layi ta kashe ciyawa. Mama tana wucewa tana mita, wai za a ƙarar mata da gishiri a kuma kashe mata kuɓewa.

Ran Lahadi muka fito da kujerarsa bakin layi. Na cire manyan ciyayi da hannu, muka ɗora tifa a gaba, tanka a baya, muka ɗaura musu zaren ɗinkin buhu da za a ja su da shi. Ya ɗaga ƙyalle da hannun dama, na ja zaren, nan take tifa ta kife. Muka sake, ta sake kifewa. Ya yi tsaki, ya ce ina ja kamar mai jan akuya, in ba shi. Ya karɓi zaren da dama, ƙyallen ya faɗa kan cinyarsa.

Na ce, "Kawo in riƙe maka tutar."

"Tun da nake ba wanda ya taɓa riƙe min tuta. Hedman ke riƙewa. Sa min a nan."

Na cusa sandar tutar tsakanin yatsunsa na hagu, masu sanyi kamar an tsamo su daga randa. Ya fara jan zare ke nan sai 'yata ta yi tsalle ta tare layi, ta ware hannuwa.

"Kaka, tsaya! Tuta ba ta tashi ba!"

Yaran unguwa da suka zo kallo suka juyo suna duban Baba. Na so in daka mata tsawa, amma na ga Baba ya zuba wa hannunsa ido. Doka tasa ce, ba zai karya ta a gaban yara ba. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya keto masa. Sandar ta fara rawa. Sai jan ƙyallen ya rabu da cinyarsa, ya tashi kamar tsawon ɗan yatsa, ya tsaya a iska yana karkarwa.

'Yata ta kauce, ta ce, "To, a wuce."

Tifa ta tafi a hankali tana ture ganye, tanka na binta tana ɗiga, wayoyi suna fitowa fes a bayansu. Ni dai ban ga ƙarshen tafiyar ba, hawaye sun rufe min ido. Na waiga na ga Mama a ƙofar kicin ta toshe baki da gefen zani.

Hannun bai koma kamar da ba, amma kafin lokacin kaka yana riƙe kofi da shi, kuma kullum da safe sai an yi sharar layi da tuta a sama. Bayan rasuwarsa, shekaru da yawa, na tuna wa Mama maganar gyaɗar nan, na ce ranar na ji haushinta ƙwarai. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wa ya ce miki ina da irin gyaɗa? Ke da likitanku kuna ba shi ƙwallo. Ni na san mijina."

Daga ranar na koyi cewa in kana son ta da wanda ya yanke ƙauna, kada ka tsaya ga abin da kai ka ga ya dace da shi. Nemo abin da ba zai iya zama ya ga ya lalace ba, ka ajiye shi a gabansa.