Kamfanin Wasan Tafi-da-gidanka

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare da ke Shema, farkon shekarun tamanin, mijin yayata ya dawo daga kwas a Kaduna. Akawu ne a wani ofis a Dutsin-Ma, kuma Akawu kowa ke ce masa, har ita yayar tawa. Mako shida kacal ya yi, amma ya dawo da biro uku a aljihun gaba da wata sabuwar tafiya ta ɗaga kafaɗa. Ruwan randa ma sai ya leƙa cikin moɗa kafin ya sha.

Ya kuma zo da wani ɗan abin wasa mai batir, bai fi tafin hannu ba. Akwai gilashi a tsakiya, a ciki wani ɗan mutum baƙi yana kauce wa duwatsun da ke faɗowa, kai kuma kana danna maɓalli biyu kana gusar da shi. Ranar Asabar da hantsi ya aika aka kira ni, na same shi a zaure tare da kafintan unguwarmu, wani Kirista mutumin Filato da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Katsinawa.

Akawu ya ɗora abin a kan tabarma ya ce, "Malam, ka ga wannan? A Kaduna layi ake yi a kansa. Kamfani za mu buɗe, mu riƙa ƙera wasanni da kanmu muna bin kasuwanni da su. Yau Kurfi, gobe wani garin. Wasan tafi-da-gidanka."

Na ce, "Yaya, mu ukun nan?"

Ya ce ai an gama rabon aiki. Shi ne manaja, ni ne injiniyan zane tunda ni ke koyar da zane a makaranta, kafinta kuma shugaban sashen ƙira. Ba zan ɓoye ba, kalmar injiniyan nan ce ta kama ni. Mutumin da iyakar fasaharsa ya zana tulu da akuya a allo, aka ce masa injiniya, sai na ji wuyana ya ƙara tsawo.

Wata uku muka yi muna zaman shawara, kowace Asabar. Akawu ya buɗe fayil, yana rubuta wanda ya halarta da wanda bai halarta ba, alhali mu uku ne. Zama uku na farko a kan sunan kamfani suka ƙare, kuma har aka watse ba a tsayar ba.

Da aka zo kan abin da za a ƙera, shi Akawu mai batir ɗin nan yake so. Ya ce duk abin da Bature ya haɗa, sukurori ne kawai, in an kwance za a gane. Muka ɗauke shi muka kai wa mai gyaran rediyo a bakin tasha. Mutumin ya juya shi ya ce gara a bar shi yadda yake. Akawu ya karɓi sukurdireba ya kwance da hannunsa. Abin da muka tarar a ciki wani ɗan koren faranti ne da baƙin ɗigo a tsakiya kamar an ɗiga kwalta. Muka zuba masa ido mu huɗu. Da aka mayar aka ɗaure, ɗan mutumin nan bai sake fitowa ba. Akawu ya rubuta a fayil cewa an kammala binciken farko.

Ni na kawo shawarar ludo da wasan maciji da tsani, domin su ne zan iya zanawa a kwali, kuma na ga yadda 'yan sakandare ke rububinsu lokacin hutu. Akawu ya ce da zarar an ga ana jefa ƙwayar ludo a kasuwa za a ce caca muka kawo, shi kuma ma'aikaci ne mai mutunci. Wannan kam yana da gaskiya, ita kaɗai na taɓa ji daga bakinsa a zauren nan. Kafinta ya ce zai iya haɗa teburin ƙwallo, irin mai 'yan wasan katako jere a jikin sandunan ƙarfe, ya taɓa ganinsa a Jos. Ba sai an sayar ba, a ajiye shi wuri ɗaya kusa da tasha, yara su zo su buga. Akawu ya ce to ina tafi-da-gidankan yake? Abin da ba zai hau bayan babur ba, ba ya cikin tsarin kamfani. Haka aka binne shawara mafi hankali da aka kawo, saboda ta saɓa wa sunan da ko tsayar da shi ba a yi ba.

Sai wata Asabar ya shigo da fara'a ya ce ya gano bakin zaren. Dara. Mutanenmu na son dara, amma har yau a ƙasa suke tona gurabe suna tsugunawa cikin turɓaya da kara da tsakuwa. Mu za mu ɗaga ta daga ƙasa. Allon katako mai fenti, mai ninkewa biyu, da maɗauki kamar jakar ofis. Ya ƙara da cewa a yi gurabe arba'in da biyu maimakon talatin, don a san ta zamani ce.

Kafinta ya ce, "Ranka shi daɗe, wa zai sayi abin da yake tonawa da yatsa kyauta?"

"Wanda ya waye," in ji Akawu.

Kafinta ya kama aiki. Ya fafe guraben, zurfafa masu kyau, ya haɗa alluna biyar. Ni na shafe su da kore da fari, na zana wa kowane dabino a kusurwa, ban san dalili ba. Abin da babu wanda ya tambaya a cikinmu shi ne, wa ya iya darar? Ni dai iyakata kallo. Akawu kuwa tunda ya fara sa dogon wando bai taɓa tsugunawa a ƙasa ba.

Ranar kasuwar Kurfi, cikin damina, muka ɗaure allunan a bayan babur ɗinsa, ni na rungume biyu a cinya. Muka sami 'yan dara a gindin wata tsamiya bayan kara, wajen da ake cinikin dabbobi. Akawu ya yi sallama, ya buɗe allo ɗaya, ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba. Suka bar shi ya gama, don mutanen kirki ne.

Wani dattijo dillalin shanu ya jawo allon ya ƙirga guraben da ɗan yatsa. Ya ce, "Ɗana, waɗannan na gefe fa, na mi ne? Ko na baƙi ne in sun zo?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce Akawu ya zauna su gwada, tunda shi ne mai kaya. Akawu ya shimfiɗa hankici ya ɗosana. Ban taɓa ganin an cinye mutum da sauri haka ba. Dattijon ko kallon allon ba ya yi, yana ci yana amsa gaisuwar masu wucewa. Da aka gama ya ninke allon da kansa ya miƙa masa, ya ce, "Ka ga tamu ta ƙasa, in an cinye ka sai ka sa ƙafa ka share, ka tafi abinka. Wannan kuwa sai ka ɗauko ta ka kai gida."

Har la'asar ba mu sayar da ko ɗaya ba. Muna shirin ɗaurewa sai ga wata Bafulatana da ƙwaryar ƙwan zabi. Ta tsuguna ta ɗauki ƙwai ɗaya ta sa a gurbi, ya zauna daram. Ta sa na biyu, ta ninke allon a hankali, ta girgiza, ta buɗe, babu abin da ya same su. Ta ce nawa ne, don kullum sai ƙwai ya fashe mata a hanya. Na buɗe baki zan yi magana, Akawu ya fizge allon ya ce kamfaninsa ba na kaji ba ne. Ta kwashe ƙwanta ta tafi, tana waiwayenmu kamar masu taɓin hankali. Muna komawa Dutsin-Ma ruwa ya kama mu a hanya, fentina ya zube a rigata.

Washegari na ba kafinta labari tun daga farko, ina jiran ya yi mana dariya. Bai yi ba. Wajen Bafulatanar kawai ya sa na maimaita masa, ya tambaye ni ko ƙwan ya motsa da ta girgiza. Kafin damina ta fita ya fara haɗa akwatunan ƙwai, ba fenti ba dabino, yana sayar wa masu sarin ƙwan zabi da ke kaiwa Katsina. Shekaru ya yi yana wannan sana'a a gefen aikin ƙofa da taga, har kwalin ƙwai ya yawaita a kasuwa aka daina nema.

Akawu ya kira zama na gaba don a duba abin da ya kira rashin wayewar kasuwa. Na aika cewa ina da aikin makaranta. Daga baya na riƙa jinsa a majalisa yana cewa akwatin ƙwan nan ai daga ofishinsa tunanin ya fito, kafinta hannu kawai ya sa. Allunan biyar kuwa yayata ce ta gaje su. Ɗaya ta riƙa zuba maɓallai da allurai a ciki, sauran ta tare ƙofar akurki da su.